Baba Mai Rini da Ɗakin Littattafansa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kowa ya san haka, amma sanin bai hana gidanmu yin tsit ba ranar Talatar da Baba ya rasu. Ya cika bayan azahar, kafin magariba an kai shi makwancinsa a maƙabartar ƙauyenmu da ke bayan masana'antun Challawa.

Baba mahaifin maigidana ne. Ni surukarsa ce, matar ɗansa na biyu, malamar firamare a nan garin. Daga cikin gida ba ma ganin zaman maza, sai abin da maigidana ya shigo ya faɗa mana. Ya ce tsofaffin ma'aikatan masaƙa sun cika ƙofar gida, wasu daga Sharada, wasu daga Dorayi, wasu a kan keke tun daga Bompai. Washegari wani dattijo ya iso daga Jigawa. Da ya gama addu'a sai ya yi tari mai tsawo, ya ce, "Mu 'yan sashen rini da wannan ake gane mu. Ɗaya bayan ɗaya muke tafiya. Allah Ya sa shi ya huta."

A wajen mata kuwa, wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai sayar da daddawa ta zauna kusa da ni, ta ce, "Ni ko bihim ban sani ba, 'yar nan. Amma jikata ce ke karanta mini takardar asibiti yanzu, kuma a ɗakin karatunsa ta goge." Inna, matarsa, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Sai da aka ragu ta dubi ƙofar ɗakinsa ta ce, "Shekara arba'in ina faɗa da shi a kan takardun da yake tura mini ƙarƙashin gado. Yau da zai shigo da buhu guda, da ni zan gyara musu wuri." Wansa, wanda muke kira Baba Babba, shi kam yana wajen maza. An ce ya jingina da bango kwana uku, duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ɗaga kai kawai.

Na lura kowa da guntun Baba yake zuwa, ya ajiye, ya tashi. Shi ya sa na ɗauki biro, in tara abin da na sani kafin ya watse.

Abin da aka fara gani a jikinsa hannuwansa ne. Kusan shekara talatin ya yi a sashen rini na wata masaƙa, shuɗi ya shige masa cikin farce da layukan tafin hannu, sabulu ya gaza. Idan ya yi alwala sai ya ɗaga su ya ce, "Allah Ya san wannan ba dauɗa ba ce, halak ce." Ba ya tsallake takarda mai rubutu a hanya. Ko takardar ƙunshin magani ce sai ya sauka daga keke, ya ɗauka, ya karanta da ƙarfi, harafi bayan harafi, sannan ya linke ta ya sa a aljihu.

Da girmansa ya koyi boko, a ajin yaƙi da jahilci, bayan ya haifi 'ya'ya uku. Maigidana ya ba ni labarin dalili. Lokacin da aka zo yankan filayen masana'antu, an kawo wa mahaifin su Baba takarda, aka ce ya dangwala. Tsohon ya ɗauka gefen gonar da ke bakin hanya kawai za a karɓa. Da aka zo kafa turaku sai ga su har bayan tsamiyar da ke tsakiyar gona. Baba yana saurayi, yana tsaye aka yi. Daga baya a kan ƙasar nan ɗin ya nemi aiki. Yakan ce, "Gonar ubanmu da babban yatsa ta tafi. Ba wanda ya zare mana wuƙa."

Ni da shi akwai kunyar surukuta, irin ta mutanen da. Na yi shekara shida a gidan ban taɓa zama ɗaki ɗaya da shi ba. Idan zan gaishe shi sai in durƙusa a bayan labule in ce, "Baba, kun tashi lafiya?" Ya amsa daga ciki, "Lafiya lau, Malama. Ya yaran?" Shi ke nan. Idan muka yi kiciɓis a zaure sai ya juya yana gyaran sarƙar kekensa, ko da ba abin da ya same ta.

A farkon shekarun dubu biyu masaƙu suka fara rufewa. Wuta ba ta samuwa, kayan waje sun cika kasuwa, jiniyar da muke saita girki da ita ta daina kuka. Aka sallami Baba tare da ɗaruruwan mutane. Maza majiya ƙarfi suka koma zaman gindin darbejiya tun hantsi har la'asar. Ranar da ya je kwaso ɗan abin da ya rage a akwatinsa na wurin aiki, sai ya tarar ana fitar da kaya daga gidajen manyan ma'aikata da suka koma garuruwansu. An tara littattafan 'ya'yansu da tsofaffin mujallu a bakin ƙofa, ana jiran masu tsire su zo su saya don ƙunshi. Ya roƙi mai kula da wurin, aka bar masa. A kurar ɗaukar kaya ya turo su har gida, shi kaɗai, a tsakar rana.

Inna ta fito ta ga kwalaye, ta ce, "Mutane suna dawowa da buhun masara, kai da wannan ka dawo?"

Ya ce, "Masarar ma zan nemo. Wannan dai ba a bar shi ga mai tsire ba."

Washegari na ga wata 'yar takarda a saƙale a ƙofar ɗakina, da manyan haruffa masu karkata: "Malama, a duba kwalayen nan. A ware na yara daban. Wanda bai dace ba a fada mini." Baba ba ya sa lanƙwasa a haruffa, sai mutum ya gane daga zancen. Wannan ita ce takarda ta farko. Daga nan hanyar maganarmu ta buɗe. Abin da baki ya ji nauyin faɗa, biro bai ji ba. Ni ma sai in rubuta amsa in ba maigidana ya miƙa masa.

Mu huɗu muka fara, ba wanda aka biya. Da Baba, da ni, da wani kafinta abokinsa wanda shi ma sallamar ta shafa, da wani Buzu mutumin Nijar, tsohon maigadin masaƙar, wanda ya zauna a garinmu ya yi aure. Kafintan ya tsinto katakon da ake ɗora kaya a kai a masana'antu, ya ɓalle su, ya yi mana kantoci. Buzun ya ɗauki shara da riƙon mukulli. Ni na rarraba littattafan, na liƙe waɗanda suka yage. Baba kuwa ya zama maroƙi. Kullum da safe sai ya hau keke ya bi ofisoshi da gidajen mutanen da ya sani a Sharada da Bompai, yana tambaya ko akwai littafin da yara suka gama da shi. Wani wurin a ba shi, wani wurin a bar shi tsaye a bakin get har ya gaji. Ya taɓa dawowa da ƙamus babu bango, shafukan farko sun ɓace, ya rubuto mini: "An cinye A da B. Sauran ya isa mutum ya rayu."

Rigimar ta tashi ne a kan wuri. A jikin gidan akwai shago mai ƙofa a waje, gadon su Baba su biyu. Baba Babba ya riga ya yi niyyar sa injin niƙa a ciki. Shi ma ba don son zuciya ba. 'Ya'yansa biyu sun rasa aiki a kamfanin fata, gida ya cika da bakuna. Ina tsakar gida ina wanki na ji su a zaure.

Baba Babba ya ce, "Littafi za mu dafa wa yaran nan?"

Baba ya ce, "Yaya, ba a dafa shi. Amma rashinsa ne ya cinye gonar da za mu noma abin dafawar."

"Kada ka kawo mini maganar mahaifinmu. Ni ma ina wurin. Da ya iya karatu ma da sun karɓa."

"Da sun karɓa, amma da ya san abin da aka karɓa."

Sannan Baba Babba ya ce, "To, a raba shagon."

Haka aka yi. Aka ja bangon bulo a tsakiya, rabi injin niƙa, rabi ɗakin karatu. Daga ranar suka daina magana, sai sallama a masallaci. Duk wanda ya taɓa zama kusa da injin niƙa ya san abin da muka sha. Kantoci suna rawa, garin masara yana ratsowa ta saman bango yana sauka a kan littattafai, yara suna karatu da yatsu a kunne. Kafinta ya ce a kai ƙara wajen mai unguwa. Baba ya ce, "Wana ne. In ya ga dama ya kafa injin a kan gadona."

Bayan kamar wata huɗu sai muka lura da wani abu. Kullum da an idar da azahar, lokacin da yara ke tasowa daga makaranta, sai injin ya mutu, ba ya tashi sai bayan la'asar. Mata masu kawo niƙa suka yi ƙorafi. Baba Babba ya ce musu injin ne yake zafi, dole a bar shi ya huce. Kafinta, wanda ya san inji, ya ce ƙarya ce, lafiyarsa lau. Baba ya hana a tanka. Har ya bar duniya wansa bai taɓa leƙa ɗakin karatun ba, kuma injin bai taɓa daina yin zafi a wannan lokacin ba. Magana ta dawo tsakaninsu a hankali, a kan taki da ruwan sama da auren jikoki. A kan shagon kuwa ba su ƙara cewa komai ba.

Maganar mata ni na tayar da ita. Na rubuta masa cewa 'yan mata da matan aure suna aiko ƙannensu aron littafi, amma ba sa iya shiga su zaɓa da kansu saboda maza. Kwana biyu ban ji amsa ba. A na uku takarda ta zo: "Alhamis ta mata ce. Ke za ki zauna. Ni ina waje." Kowace Alhamis sai ya shimfiɗa buzunsa a gindin bango, nesa da ƙofa kaɗan, ya ba ta baya, ya kunna rediyo. Duk namijin da ya doso sai ya tare shi da hira har ya manta abin da ya kawo shi. Wasu magidanta sun yi gunaguni, sun ce za a buɗe wa mata ido. Baba ya ce da ɗaya daga cikinsu, "In ɗanka ya yi zazzaɓi kana Sharada neman aiki, wa zai karanta awon maganin? Ni ko kai?" Bayan sati uku matar mutumin ta zo.

Akwai abin da ya faru da damina ta biyu wanda har yau nake tunawa. Baba ya sayo ƙosai a bakin titi, yana warware ƙunshin sai ya ga hatiminmu a gefen takardar, hatimin da kafinta ya sassaƙa da tsohon takalmin roba. Shafi ne daga wani babban littafin kimiyya mai hotuna, mafi kyau a duk abin da muka mallaka. Mun san wanda ya ara. Wani magidanci ne da suka yi aiki tare a masaƙa, ya ce zai kai wa 'yarsa mai shirin jarrabawa. Ashe sayar da shi ya yi a kan sikeli.

Ran kafinta ya ɓaci. Ya ce a kira mutumin gaban jama'a, a hana shi da iyalinsa shiga. Buzu ma ya goyi bayansa. Ni kaina, in faɗi gaskiya, abin da na rubuta wa Baba ke nan, don ni na liƙe littafin shafi-shafi. Da yamma na ga ya shiga rumbu ya auno gero, ya ɗaure a bayan keke, ya fita. Matar mutumin ce ta ba ni sauran labarin bayan shekaru. Ta ce ranar kwanansu biyu ba a ɗora tukunya ba. Baba ya ajiye geron a zaure, ya zauna suka yi hirar tsofaffin abokan aiki. Da zai tafi sai ya zaro wani littafi daga aljihun rigarsa ya ce, "Wancan na ji ya yi tafiya. Ga wani, a ba yarinya. Wannan kuwa ina son abina ranar Juma'a." Ta ce mijinta ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ba ta taɓa jin kukansa ba sai ranar.

Da kafinta ya tsare shi da tambaya, Baba ya ce, "Yunwa ce ta yi sata. In ka san gidanta, muje mu kama ta." Kafinta ya yi fushi na sati guda bai zo ba. Littafi na biyu kuwa ya dawo ranar Juma'a, an yi masa bango da takardar siminti.

Ba na so in mayar da shi waliyyi. Yana da taurin kai. Ya taɓa hana yara aron wani littafin taswira na tsawon shekara don kawai yana tsoron kada a ɓata shi, sai da na rubuta masa takarda uku kafin ya sauko. Yakan manta cefane idan ya ji labarin wani gida da za a zubar da littattafai. Inna ta sha wahalar wannan, kuma ba ta ɓoye ba.

A shekara ta huɗu takardunsa suka fara canjawa. Haruffan suka ƙara girma, layi yana hawa kan layi. Sannan suka daina zuwa gaba ɗaya, sai saƙon baki ta wajen maigidana. Wata Alhamis na fito zubar da shara na gan shi a kan buzunsa riƙe da littafi a juye, samansa a ƙasa. Na koma ciki da sauri don kada ya ji motsina. Yanar ido ce ta rufe shi, ya ɓoye wa kowa. Ya san kantocin da hannu. Idan yaro ya nemi littafi sai ya bi bayansu da yatsa ya zaro, da wuya ya yi kuskure. An kai shi asibiti a birni, aka ce za a iya yin aiki, amma sai tarin da ke ƙirjinsa ya lafa. Tarin bai lafa ba.

Saura sati biyu ya rasu, ina tsakar gida da hantsi, na ji muryarsa daga ɗaki.

"Malama."

Na durƙusa a bayan labule. "Na'am, Baba."

"Shigo."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Inna ta ɗaga labulen ta yi mini alama da kai. Na shiga na rakuɓe a bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Ya rame ƙwarai. A gefen filonsa akwai wani littafin firamare na labarin ƙasa.

Ya ce, "Kunya ta yi mana rana, ta kuma isa. Shekara biyu ban karanta komai ba. Maza duk sauri suke yi in suna karatu. Ina jin ki ta bango kina karanta wa mata, ke ba kya sauri."

Na ce, "Wane wuri kuke so, Baba?"

"Inda ake maganar teku. Garin rinin da na yi shekara talatin ina damawa, an ce ta jirgin ruwa yake zuwa. Ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Challawa ba."

Na buɗe na fara. Na yi tuntuɓe a layin farko, ni da nake koyar da aji shida. Ya ce, "A hankali. Ba inda za ni." Inna ta juyar da kai. Na karanta masa yadda ruwan yake da gishiri, da yadda mutum zai yi kwanaki a kai bai ga tudu ba. Ya tsayar da ni ya ce, "Kwanaki? Ikon Allah. Maimaita wurin." Na maimaita. Daga ranar kullum da hantsi nake shiga. Mun gama teku, mun yi duwatsu, muna cikin hamada ya ce a tsallake, wannan Buzu ya riga ya ba shi labari. Ba mu kai ƙarshen littafin ba.

Bayan addu'ar bakwai muka buɗe ɗakin karatun. Mun ɗan yi shawara ko a ƙara kwanaki, Inna ta aiko cewa in muka bar shi a rufe ba don shi muka yi ba. Ranar da muka buɗe, wajen ƙarfe goma, sai ga mai a-daidaita-sahu ya tsaya a ƙofa da kwali biyu ɗaure da igiya. Ya ce wani tsoho ne a Bompai ya ba shi, ya kwatanta masa gidan mai rini. A saman kwalin akwai wasiƙa. Tsohon ma'ajin kaya ne na wata masana'anta, wanda Baba ya yi ta zarya wurinsa shekara biyu yana cewa sai ya yi tunani. Ya rubuta cewa ya gama tunanin, ga littattafan marigayi ɗansa, ya fi so a karanta su da su zauna a akwati. A ƙarshe ya ce, "In ka samu sarari ka zo mu sha shayi, ka faɗa mini wanda yara suka fi so."

Mai a-daidaita yana tsaye yana jiran amsa. Kafinta ya dube ni, Buzu ya dube ni. Na zauna a kan benci da takarda a cinya. Daga bisani na rubuta masa cewa kaya sun iso lafiya, amma wanda aka aiko wa ya riga mu gidan gaskiya kwana takwas da suka wuce. Na ce littattafan ɗansa za su hau kanta yau ɗin nan. Na ce in Allah Ya kai mu ƙarshen wata maigidana da kafinta za su zo shan shayin, kuma za su taho masa da amsar tambayarsa.

Mai a-daidaita ya karɓa ya tafi. Buzu ya kawo wuƙa ya yanke igiyar, muka fara fitarwa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa gwargwadon idanun da ya buɗe. Ya ba Inna da Baba Babba haƙuri. Mu kuma da muka rage, Ya sa mu iya riƙe abin da aka bar mana.